Saniyar da Wantiti Bai Taɓa Gani Ba

Duk wanda ya hau dutsen Tasili daga garin Janat a cikin shekara talatin da bakwai ɗin nan, da wuya in ba jakunan Wantiti ag Kenan ne suka ɗaukar masa bargo da tukunya ba. Dogo ne siriri, ƙafafu kamar sandunan tanti, kuma ba wanda ya taɓa jin kalmar gajiya a bakinsa. A daji aka haife shi, a gidan masu raƙuma. Farin da ya cinye dabbobin mutanenmu yana saurayi ya same shi, ya shigo gari da igiyar raƙumi a hannu, ba raƙumin. Wani kawunsa ya ba shi jaki biyu, ya ce ya bi masu kai baƙi kan dutse kafin Allah ya kawo abin da ya fi. Abin da ya fi ɗin bai zo ba, jakunan dai sun zama tara.

Hanya biyu ce take hawa dutsen. Akwai ta mutane, gajeriya, a miƙe take tsaye, wani wurin ma sai an kama dutse da hannu. Ita ja-gora yake bi da baƙi. Akwai kuma ta jakuna, mai zagayawa ta bayan kwazazzabo, doguwa, ba abin kallo a cikinta sai tsakuwa. Masu jakuna su riga baƙi isa zango, su sauke kaya, su nemo itace, su binne gurasa a cikin yashi mai zafi, su ɗora shayi. Washegari da sassafe, lokacin da ja-gora yake kai baƙi wurin zanen mutanen zamanin da, su suna can suna ɗaure mangala don su wuce zango na gaba. Haka aikin yake tun kafin Wantiti, ba wanda ya tsara shi da mugunta.

Shi ya sa mutumin da hawansa Tasili ya fi a ƙirga bai taɓa ganin Saniyar ba. Ita ce wadda ake tasowa daga ƙasashen da ba mu san sunansu ba don a tsaya a gabanta, saniya ɗaya tak, an sassaƙa ta a jikin dutse tun zamanin da ake cewa wurin nan namu koguna ne da ciyawa. Daga zangon farko zuwa wurinta, tafiyar ba ta kai ta shan shayi kofi uku ba. Ya gan ta a jikin riguna a kasuwa, ya gan ta a ƙofar motocin masu yawon buɗe ido, ya gan ta a wayoyin baƙi suna nuna wa juna. In wani ya tambaye shi wane zane ya fi so, sai ya gyara amawali ya ce, "Duk suna da kyau." Namiji a wurinmu ya gwammace a binne shi da ya ce bai sani ba. Ni dai har yau ban ga ribar wannan hali namu ba.

Idonsa na hagu ne ya fara tafiya, shiru, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Ya yi gum da bakinsa. Sai da ya yi karo da ƙofar gidansa sau biyu a yini ɗaya, matarsa Shitna ta tasa shi a gaba zuwa asibiti. Likita ya haska, ya auna, ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya mutu, na dama kuma magani jinkiri kawai zai yi masa. Abin da Wantiti yake gani a lokacin bai wuce abin da mai leƙe ta cikin bututu yake gani ba, ɗan fili a tsakiya, gefe da gefe duhu.

"In da abin da kake son gani, Baba," in ji likitan, "kada ka bar shi sai baɗi."

Wantiti ya miƙa wa abokinsa Anaba jakunan, ya ce gwiwa ce ta dame shi. Ban da Shitna ba wanda ya san gaskiya.

Wata rana bayan la'asar suna zaune a tsakar gida, tana cire ƙwallon dabino, ya ce, "Zan hau dutse."

"Da wane idon?"

"Da wanda ya rage."

"To, madalla. Me ka manta a can, igiya ko akumari?"

Ya daɗe yana murza gefen tabarma kafin ya ce, "Saniyar nan nake so in gani."

"Wace saniya?" Hannunta ya tsaya a cikin kwano. "Uban Tekna, so kake ka ce mini ba ka taɓa... Shekara talatin da bakwai! To me kake kallo a can duk tsawon nan?"

"Bayan jaki."

Ta fashe da dariya har da hawaye. Can dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba.

"In duhun nan ya gama rufewa," ya ce, "abin da mutum ya gani shi zai dinga juyawa a ransa. Ba zan zauna sauran kwanana ina kallon bindin jaki a cikin kaina ba. Kuma ta hanyar mutane zan hau."

"Za ka faɗo ka bar ni da takaba."

"In na faɗo ki ce ai dama na gaya masa. Kin daɗe kina neman wannan damar."

Ba a zuwa wurin zanen sai da ja-gora mai takarda, kuma ja-goran da zai karɓi tsoho ba tare da surutu ya cika gari ba shi ne Bahedi, mijin 'yarsu Tekna. Shekara shida da auren, maganar Wantiti da Bahedi ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. Bahedi mai kunya ne irin ta mutanen da. In ya hango uban matarsa sai ya ja amawali har ƙarƙashin ido, ba ya zama inda yake zaune, ci da sha a gabansa kuwa ko a mafarki. Saboda haka sai saƙon ya yi zagaye: Wantiti ya gaya wa Shitna, Shitna ta gaya wa Tekna, Tekna ta gaya wa mijinta. Wantiti ya sa an rantse masa ba za a ambaci ido ba, don haka abin da ya isa kunnen Bahedi kawai shi ne Baba yana kewar dutse.

Lokacin sanyi ne, baƙi sun yi yawa. Ranar da suka tashi, motocin da ke gindin dutse sun fi goma, kowace da ayarinta. Na Bahedi mutum takwas ne, Turawa biyar da 'yan birni uku daga can bakin teku. Anaba yana gefe yana ɗora wa jakuna kaya, ya hango tsohon abokinsa a cikin baƙi da sanda a hannu.

"A'a! Yau kuma sabon Bature muka samu? Ina malafar taka, ina abin ɗaukar hoton?"

"Ja igiyarka da kyau. Daga nan ina jin mangalar can tana kuka."

"Ku ji shi! Gwiwa ta ajiye aiki, baki bai ajiye ba. In ka gaji a hanya ka aiko, in turo jaki ya kwaso ka."

"Ranar da jaki zai ɗauke ni, to gawata ya ɗauka."

Suka kama hawa. Hanyar nan ba ta san Wantiti ba, shi ma bai san ta ba, amma ya riga ya yi shawara da zuciyarsa tun a gida. Ya ɗora ɗan ganin da ya rage masa a kan dugadugan Bahedi. Inda diddige ya tashi, nan yake sa ƙafarsa. Bahedi ya yi dama, ya yi dama. Bahedi ya tsaya, ya tsaya. Duwatsun da baƙi suke ta yi wa ihu suna ɗaukar hoto, ko ɗaya bai kalla ba. Gwiwoyin da ya yi wa ƙarya suka fara yi masa ciwon gaske, ya yi biris da su.

Abin da bai lissafa ba shi ne ruwa. A kowace inuwa Bahedi yakan tsayar da ayari ya ce, "Ku sha, ko ba ku jin ƙishi ku sha." Kowa ya sha. Wantiti ma ya ɗaga gorarsa ta ƙarƙashin amawali ya sha, don babba ba ya jin nauyin ƙarami. Amma saboda wasu ayarin suna ta giftawa, yana tsoron kada dugadugan su ɓace masa a cikin ƙafafun mutane, sai ya zauna daf da Bahedi ya kafe shi da ido. Bahedi ya miƙe a hankali zai zagaya bayan dutse ya kurɓa, sai tsoho ya zaci tafiya za a yi, ya miƙe ya bi shi. Sau uku ana haka. A na ukun Bahedi ya tsaya a bayan dutsen, surukinsa a bayansa kamar inuwa, ya yi kamar sama ya zo dubawa, ya dawo.

Ga shi Bahedi bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Ga shi tun asuba mota ɗaya suka shigo da tsohon, ko shayi bai sha ba. Ga jakar wata baƙuwa da ta gaza ya ɗora a kan tasa, ga bayani da yake ta yi da Faransanci. Rana ta take tsaka, zafi ya taru tsakanin bangon duwatsu. Da suka iso hawa na ƙarshe, inda hanya ta tsuke, dutse a dama rami a hagu, Wantiti ya ga diddigen da yake bi ya yi tangaɗi, ya sake yi, sannan ya ɓace. Bahedi ya zame ya zauna, kansa ya jingina da dutse.

Wata Baturiya mai furfura ta durƙusa ta kama hannunsa, ta ja fatar ta saki. Wantiti ya tsinci Faransancin da ya ishe shi a shekarun nan, ya ji abin da ta ce sarai: jikinsa ya bushe, in bai farfaɗo ba dole kowa ya koma ƙasa. Ta miƙa masa gora. Bahedi ya kau da kai, ya dafe amawalinsa da tafin hannu. Ta sake miƙawa, ya sake kau da kai.

"Azumi yake yi ne?" in ji ɗaya daga cikin 'yan birnin.

A nan ne Wantiti ya gane, kuma kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Shi ne ya hana yaron nan ruwa tun asuba. Abin da kowane suruki zai yi a nan sananne ne, ya wuce gaba ya sha kwana, ya yi kamar wani abu ya ɗauke masa hankali. Amma ba dugadugai a gabansa, kuma yana jin iskar ramin tana taɓa masa gefen riga. Taku ɗaya ba zai iya yi shi kaɗai ba. In ya ci gaba da tsayuwa kuwa, wannan mai taurin kan zai suma da gora a gabansa, a juya da ayari, shi ke nan.

Wani ja-gora ɗan unguwarsu ya iso da nasa mutanen, ya tsaya yana jiran a ba shi hanya. Wantiti ya san muryarsa, ya kuma san bakinsa ba ya riƙe magana. Duk da haka ya gyara tsayuwa.

"Mijin Tekna. Sha ruwa."

"Ba na jin ƙishi, Baba." Muryar a bushe take ƙamas.

"Ƙarya kake yi. Kuma ƙarya a gaban suruki ta fi shan ruwa muni."

Bahedi ya ƙara dafe amawalinsa.

"To saurara. Kunyar wa kake ji? Ta mai ganinka? Ba na ganinka. Idon hagu ya mutu tun bara. Na dama kuma, in na ɗora shi a kan dutsen can, kai da gorarka babu ku a duniya. Tun da muka taso ban ga komai a hanyar nan ba sai dugaduganka. Da ka zaci kyanka ne ya sa na manne maka? In ka koma ƙasa, na koma, kuma ni ba ni da baɗi. Ban taɓa ganin Saniyar nan ba. Ka ji ni? Ban taɓa ba. Sha, ka tashi ka kai ni."

Ya juya fuskarsa ga bangon dutse ya kafa masa ido. Can sai ya ji an buɗe gora, ya ji ruwa yana wucewa ƙwat, ƙwat, ƙwat. Ya kuma ji wani sautin da ba na ruwa ba, irin na shessheƙa, ya yi kamar kunnen ma ya mutu.

Sai da suka huta awa guda, Baturiyar ta sa Bahedi ya ci dabino da gishiri, sannan ya iya miƙewa. Ya sunkuya ya kama bakin sandar tsohon, ya bar masa ɗaya bakin. Wantiti ya sha ganin ana jan makafi haka a kasuwa, kuma abin ya yi masa ɗaci ƙwarai. Ya riƙe sandar gam, suka ci gaba.

Rana ta yi sanyi kafin su isa zango. Labari ya riga su, tunda wancan ja-goran ya wuce su tun a hanya. Anaba yana tsugune gaban wuta. Bai yi tsiya ko ɗaya ba. Ya zuba shayi, ya kamo hannun abokinsa ya sa masa kofin a ciki, ya naɗe masa yatsu a kai.

"Ɗan banza," ya ce a hankali. "Gwiwa, ko? Da ka faɗa mini ai da tuni na kai ka da kaina."

"Kai ka san inda Saniyar take?"

Anaba ya tona wuta da tsinke. "Wa zai ɗaure mini kaya in na tafi?"

"Shekara nawa?"

"Ashirin da tara. Sha shayinka, kada ka dame ni. Gobe ka gano mana ita, ka zo ka faɗa mana ko ta kai yadda ake zuzuta ta."

Saniyar ba ta fitowa sai rana tana ƙasa-ƙasa, ta haska dutsen ta gefe, inuwa ta kwanta a cikin sassaƙar. Da hantsi ya ɗaga, dutse ne kawai kamar kowane. Saboda haka kowa da sassafe yake zuwa, kuma da suka iso sun tarar da ayari uku a wurin. Duk inda Wantiti ya kai ɗan ganinsa, malafa ce, jakar baya ce, hannu ne riƙe da waya.

Bahedi, wanda ko matarsa ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ɗaga ta ranar, da Faransanci, sannan da Larabci. "Don Allah ku ba mu wuri kaɗan. Tsohon nan shi ya ɗauko abincin waɗanda suka riga ku zuwa nan shekara talatin da bakwai. Yau shi ne baƙo." Mutane suka dare, wasu da gunaguni. Bahedi ya ja tsohon har gaban dutsen.

Wantiti ya duba. Wani layi ya gani, mai zurfi, mai santsi, ya lanƙwasa ya fita daga ganinsa. Ya bi shi da kai, ya samu wani abu kamar ƙaho, kafin ya samu kunne ƙahon ya ɓace. Ta fi ƙarfin bututunsa. Zuciyarsa ta yi masa nauyi kamar an ɗora mata mangala.

"Layi kawai nake gani," ya ce. "Ba ta shiga."

Bahedi ya dubi dutsen, ya dubi rana. Sai ya zagaya bayan tsohon, ya dafa kafaɗunsa biyu, abin da bai taɓa yi ba. "Mu ja da baya, Baba. Ina riƙe da kai. Kada ka ɗauke ido."

Taku biyar. Goma. "Akwai dutse, ɗaga ƙafa." Goma sha biyar. Layukan suka fara matsowa kusa da juna, wuya ya haɗu da ƙirji, gadon baya ya gangaro.

"Tsaya."

Ga ta nan gaba ɗayanta. Ƙahoni dogaye sun buɗe sama, kai a sunkuye kamar ta ji ƙanshin ruwa, bindi a sake. Wantiti ya shiga duba ta yadda ya saba duba kowace dabba, daga kofato zuwa sama.

"Tana ɗingishi," ya ce.

"Na'am, Baba?"

"Ƙafar baya ta dama. Ba ta ɗora nauyi a kai ba, bakin kofaton kawai ta ajiye. Dubi yadda ƙugun ya karkata. Ƙaya ce ko tsakuwa."

Bahedi ya yi wa baƙi bayanin saniyar nan sau ɗaruruwa, da shekarunta da abin da masana suka ce. Ya ƙura mata ido kamar yau ya fara ganinta. Haka abin yake.

"Wanda ya sassaƙa ta ba kallo ya zo yi ba," in ji Wantiti. "Tasa ce. Yini ya yi yana bin ta a baya, ƙafar nan tana damunsa. Allah sarki. Namu ne."

Daɗi ya cika shi, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da aka haifi Tekna, kuma a cikin daɗin akwai takaicin shekarun da ya yi yana wucewa ta bayan dutsen nan. Ya bar su duka biyun suka zauna a ransa, ya ci gaba da kallo. Ya bi ta daga ƙaho zuwa bindi, ya dawo, ya sake bi. Baƙi suka gaji da jira suka koma ɗaukar hotonsu ta gefe, ba wanda ya shiga gabansa.

A hankali layukan suka fara dusashewa. Gadon baya ya fara narkewa cikin dutse, sannan wuya.

"Ita ce take tafiya, ko idona?"

"Rana ce, Baba. Ta ɗaga."

Wantiti ya gyaɗa kai. Ya rufe idon, don ya san tun yanzu abin da zai tarar a can. Tana nan, da ƙahoninta, da sunkuyen kanta, da ƙafar da take lallaɓawa. Ya laluba ya miƙa bakin sandar.

"Mu je, ɗana."

Bahedi ya kama. Ya lura tsohon bai buɗe idon ba, kuma bai ce masa ya buɗe ba.